Biza: Sabon Jangali A Kan Matafiyin Nijeriya

Jama'a, duk mai sauraron gidajen rediyon ƙasashen waje a 'yan shekarun nan ya sha jin ana yabon wani sabon tsari da Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai suka ɓullo da shi, wanda suke kira izinin tafiya ta na'ura. Wai mutum yana zaune a ɗakinsa zai ɗauko wayar hannunsa, ya ɗauki hoton fasfonsa da na fuskarsa, ya amsa waɗansu 'yan tambayoyi, ya biya kuɗi ƙalilan, kafin shayinsa ya huce an ba shi izinin shiga ƙasa ya yi yawon buɗe ido. Ana ta kururuta abin, wai zamani ya zo, wai duniya ta zama gari guda. To, mu da ke zaune a nan Minna muna da tambaya: a cikin wannan gari guda da ake faɗi, mu a wace unguwa aka sauke mu? Domin kuwa duk wanda ya taɓa fita daga Bosso ko Tunga ko Chanchaga da asuba, ya kama hanyar Suleja da ambulan cike da takardu don neman biza a Abuja, ya san cewa labarin da ake bayarwa a rediyo labarin waɗansu ne.

Bari mu fara da yadda abin yake, don kada a ce mun yi ƙage. Amurka ta kafa irin wannan tsari da take kira ESTA, wanda ta wajabta tun 2009 a kan mutanen ƙasashen da ta yafe wa biza. Kuɗinsa dala 14 ne a da, ya koma 21 a 2022, sa'an nan 40 a 2025, kuma wanda ya samu yana shiga yana fita har shekara biyu. Ƙasashen da ke cikin wannan alfarma sun kai arba'in da 'yan kai, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu. Ingila ta bi sahu da nata, ETA, wanda ta fara da mutanen Katar a ƙarshen 2023, ta faɗaɗa shi ga sauran ƙasashen Larabawa masu arzikin mai a 2024, sa'an nan ga Amurkawa da Turawa a 2025. Fam 10 aka fara biya, aka mai da shi fam 16 a watan Afrilu na 2025, kuma shi ma shekara biyu yake yi. Tarayyar Turai kuwa ta shirya nata mai suna ETIAS, ta kuma sanar a 2025 cewa Yuro 20 za a riƙa biya. Wannan ita ce ƙofar gaba, mai shimfiɗa da turare, kuma ba a yanka wa mai koren fasfo na Nijeriya tikitinta ba.

Ƙofarmu tana can baya, wajen da ake zubar da toka. Ɗan Nijeriya da ke son ya je Landan ya yi mako biyu, ya ga gari, ya gai da ɗiyarsa da ke karatu, ya komo gida, sai ya nemi bizar ziyara ta wata shida, wadda kuɗinta ya tashi daga fam 100 zuwa 115 a 2023, ya kuma kai 127 a 2025. Ta Amurka dala 185 ce tun 2023. Ta ƙasashen Turai masu yarjejeniyar Shengen ta tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a watan Yuni na 2024. A canjin 2025, fam 127 ya kama wajen Naira 250,000. Mai karatu ya tuna cewa mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Neja ta amince da shi a ƙarshen 2024 Naira 80,000 ne. Watau ke nan ƙaramin ma'aikaci a Minna zai yi wata uku cur yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya tara kuɗin da za a karɓa a duba takardarsa. Ban ce kuɗin jirgi ba, ban ce masauki ba. Kuɗin dubawa kurum. Bajamushe kuwa, wanda albashinsa na yini guda ya fi na wancan bawan Allah na wata, fam 16 ya riƙa biya a 2025 ya wuce.

Kuma kafin a kai ga biza sai an mallaki fasfo, wanda namu hukumomin suka mai da kuɗinsa Naira 50,000 a watan Satumba na 2024, suka ninka shi zuwa 100,000 a Satumba na 2025, mai shekara goma kuwa 200,000. Za mu komo kan namu mutanen, domin ba za su tsira daga wannan shafi ba.

Mu ƙaddara wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa, yana da gidansa a Maitumbi, da gonarsa ta doya a hanyar Paiko, da jikoki cike da tsakar gida. Abin da za a nema a gare shi ya fi abin da ake nema ga mai neman aure. Za a ce ya kawo bayanin ajiyarsa ta banki na watanni, ya bayyana asalin kowane kuɗi da ya shiga, ya kawo shaidar aiki ko ta fansho, da takardar gida, da wasiƙar gayyata, da shaidar masauki, wani wurin har da inshorar lafiya da tikitin komowa. Idan ya sayar da doya a kasuwar Kure ya zuba kuɗin gaba ɗaya a banki, sai a ce kuɗin ba su da asali, aro ya yi don ya yaudari hukuma. Idan bai zuba ba, a ce ba shi da abin da zai riƙe kansa. Babu ofishin karɓar takardun a Minna, saboda haka sai ya tafi Abuja, ya biya mota, wataƙila ya kwana, ya bi layi a ofishin wani kamfanin 'yan kasuwa da aka ba kwangilar karɓar takardu da ɗaukar zanen yatsu, wanda shi ma yana da nasa farashin: kuɗin hanzartawa dabam, kuɗin zama a ɗaki mai sanyi dabam, kuɗin aiko maka da fasfonka dabam. Bayan makonni sai takarda ta zo da 'yan layuka, tana cewa jami'in da ya duba bai gamsu ba cewa mai neman zai komo ƙasarsa. Jami'in bai taɓa ganinsa ba, bai san inda Maitumbi take ba, bai kuwa san cewa dattijon da ke da gona da jikoki ba ya barinsu ya je ya wanke kwanuka a ƙasar sanyi.

A nan ne zaluncin ya fito fili, kuma a kansa na ɗauki alƙalami. Idan an hana ka, kuɗinka ba ya dawowa. Ko sisin kwabo. Kakanninmu sun yi kuka da jangali a zamanin mulkin mallaka, amma Bafillatanin da ya biya jangali aƙalla an bar masa saniyarsa ya kora ta gida. Wannan sabon jangali ana karɓarsa ne a kuma hana ka saniyar, a ce in kana so ka sake biya ka sake gwadawa. A kasuwar Gwari ko ta Kure, in ka ba mai awo kuɗi ya ce hatsi ya ƙare, kuɗinka zai miƙo maka. In ya ƙi, Sarkin Kasuwa na nan. A kasuwar biza babu Sarkin Kasuwa. Ingila ma ta soke cikakken ikon ɗaukaka ƙara ga masu neman ziyarar dangi tun 2013, watau wanda ya yanke hukuncin shi ne alƙali, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne kuma ma'aji.

Za a ce ai kuɗin aiki ne, ladan wanda ya zauna ya duba takardu. To, mu ji. Alƙaluman da Tarayyar Turai da kanta take bugawa sun nuna cewa a 2023 da 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya da suka nemi bizar Shengen an hana su. A ƙasashe masu arziki waɗanda ake nema wa biza, abin bai kai ko kusa da haka ba. A 2019 wani kwamitin 'yan majalisar dokokin Ingila, wanda ya haɗa jam'iyyu dabam-dabam, ya binciki lamarin ya ba da rahoto cewa ɗan Afirka ya fi mutumin kowace nahiya yiwuwar a hana shi bizar ziyara har ninki biyu da ɗoriya. Su suka faɗa da bakinsu, a cikin majalisarsu. Idan kasuwa ta kasance kusan rabin masu shigarta suna biya su fito hannu rabbana, kuma mai kasuwar yana ƙara farashi kowace shekara, ai ba a kiran wannan ladan aiki. Miliyoyin Yuro da fam ne ke fita daga aljihun matalautan ƙasashe kowace shekara suna shiga baitulmalin masu arziki, ba tare da an sayar musu da komi ba, sa'an nan a komo ana yi mana gorin agaji.

Za a kuma ce kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai shigar mata. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba, mu ma muna da wannan iko. Mai gida yana da ikon ya ƙi buɗe wa baƙo ƙofa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya kafa teburi a bakin zaure yana karɓar kuɗin sallama, ya karɓe ya ce a koma. Hujja ta uku da suke kawowa ita ce waɗansu 'yan Nijeriya suna shiga da sunan ziyara su maƙale. Wannan ma akwai shi, kuma duk mai gaskiya ya san akwai 'yan cuwa-cuwa a Abuja da Ikko da ke buga takardun banki na jabu suna cutar ƙasa da masu nema baki ɗaya. Amma a wace shari'a ake kama mutum da laifin da wani ya yi, ko kuwa da laifin da ake zaton zai yi nan gaba? Wanda ya maƙale yana da suna, yana da lambar fasfo, an ɗauki zanen yatsunsa. A kama shi. Laifin tudu ba ya hawa kan gangare sai a wurin wanda ya riga ya ƙudura cewa talaka duk ɓarawo ne.

Abin da ya sa wannan magana take da zafi a bakin mutumin Jihar Neja shi ne, ƙasarmu ta san baƙi, ta kuma san irin bizar da suka shigo da ita. A 1806 Mungo Park ya gangaro kogin Kwara a cikin jirgin ruwa, yana ratsa ƙasashen sarakuna da bindiga a hannu, har ajalinsa ya same shi a Bussa, wadda tsohon garinta yanzu yake ƙarƙashin ruwan Kainji. Bayansa Kilafatan ya biyo ta Bussa a 1826 ya nufi Sakkwato, 'yan'uwan nan biyu masu suna Landa suka zo a 1830. Waɗanda suka yi sallama an karɓe su, an ba su masauki da abinci da 'yan rakiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Kilafatan a 1824 ya zauna da shi suka yi hira ta ilmi, Sarkin Musulmi Aliyu Babba kuma ya ba Barth takardar aminci a 1853. Ba wanda ya ce su kawo bayanin banki, ba wanda ya ce bai gamsu za su koma ƙasarsu ba, alhali kuwa da an yi wannan zato da ya fi kowane zato zama gaskiya. Domin a 1902 Lugga ya zo ya kafa hedkwatarsa a Zungeru, nan kusa da mu, ba da gayyatar kowa ba, ya zauna daram. Idan ana maganar baƙon da ya shigo da sunan ziyara ya ƙi tafiya, to mu muka fi kowa sanin irinsa, kuma sai 1960 muka samu ya tashi.

Lokacin da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani, aka bi ƙauyukan Gwari da Nufe da Hausa ana ɗibar samari, aka zuba su a jirgin ƙasa, aka kai su dazuzzukan Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ba a tambayi kowa takardar gida ba ran nan. A cikin wannan yaƙi ne, a 1943, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila, a cikinsu akwai Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, haifaffen Kagara, da Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru. Mutum biyu daga ƙasar da yau ake kira Jihar Neja. Imam ya komo ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ɗalibai suka yi shekaru suna karantawa. Haka Ladi Kwali, wadda ta yi aikin tukwane a garin da yanzu ake kira Suleja, ta je Ingila da Amurka tana gina tulu a gaban Turawa suna kallo baki buɗe, hotonta kuma yana kan takardar Naira 20. Ina so mai karatu ya ƙaddara wata maginiyar tukwane irinta, ba ta da takardar makaranta, ba ta da albashi a banki, ta tsaya yau a gaban tagar nan ta gilashi. Minti nawa za ta yi kafin a miƙo mata takardar hani?

Matasa da yawa suna zaton haka abin yake tun fil'azal. Ba haka yake ba. Har tsakiyar shekarun 1980 ɗan Nijeriya, a matsayinsa na ɗan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, yana iya hawa jirgi a Kano ya sauka Landan don ziyara ba tare da biza ba. Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta sanar a 1986 cewa ta ɗora biza a kan ƙasashe biyar, Indiya da Pakistan da Bangaladash da Gana da Nijeriya, ta kuma fara aiki a kanmu a farkon 1987, lokacin da ɗan Minna, Janar Ibrahim Babangida, yake mulkin ƙasa. A lura da lokacin. A 1980, sa'ad da Naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, manyan kantunan Landan suna maraba da mu, ba a ga muninmu ba. Da man fetur ya faɗi, Naira ta bi shi, sai aka gano cewa mu haɗari ne. Jinin ɗan Nijeriya bai sake ba tsakanin 1980 da 1986, aljihunsa ne ya sake. Shi ya sa Ingila ta fara sabon izininta na na'ura da Katar. A 2013 ma har an yi shirin a sa ɗan Nijeriya ya ajiye jinginar fam 3,000 kafin ya shiga, sai da aka yi ca a kai, daga Abuja har Indiya, sa'an nan aka janye. A riƙe wannan, domin ya nuna cewa in an yi magana da murya ɗaya ana ji.

Ta wajen Amurka kuwa abin ya zama wasan yara da wuta. A 2019 ta ƙara wa 'yan Nijeriya wani kuɗi na ramuwa, tana cewa mu ma muna tsawwala wa mutanenta. Gwamnatin Tarayya ta rage nata, aka cire a ƙarshen 2020. A watan Maris na 2023 aka mai da bizar ziyara ta shekara biyar, aka yi ta murna. A watan Yuli na 2025 aka datse ta zuwa wata uku, shiga ɗaya tak. Ministan Harkokin Waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya fito ya ce ana matsa wa ƙasashen Afirka lamba su karɓi 'yan Benezuwela da Amurka take kora, Nijeriya kuwa ta ƙi. Sa'an nan a watan Disamba na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata sanarwa da ta jefa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka dakatar da ba mutanensu bizar ziyara da ta karatu daga farkon 2026. Dattijon Maitumbi bai san Benezuwela ba, bai kuwa zauna a teburin da aka yi wannan ciniki ba, amma a bayansa bulalar ta sauka.

Har ƙasashen da muke ɗauka na kusa ba su bar mu ba. Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar Dubai a 2022, ba ta buɗe ba sai Yuli na 2024. Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet a 2019 ga ƙasashe 49, babu Nijeriya, amma daga baya ta sauƙaƙa wa duk wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Ingila ko Shengen wadda ya riga ya yi amfani da ita. Jama'a ku duba wannan al'amari: hatimin Landan ya zama shi ne shaidar mutuncin mutumin Minna a filin jirgin Jidda, hanyar da kakanninsa suka yi ƙarnoni suna bi da ƙafa ta Barno da Sudan.

To, yanzu mu komo gida, domin in bera da sata daddawa ma da wari. Da wane baki za mu zargi Bature alhali Afirka tana yi wa kanta abin da ya fi haka? A watan Mayu na 2024, a wani taro a Kigali, Aliko Ɗangote ya faɗa a bainar jama'a cewa yana bukatar biza 35 kafin ya zaga nahiyar da ya fi kowa zuba jari a cikinta, alhali Bafaranshen da ke zaune kusa da shi ya fi shi sauƙin yawo a Afirka. In haka ta sami Ɗangote, ina ga mai sayar da atamfa? Habasha, inda hedkwatar Tarayyar Afirka take, ta daina ba 'yan Nijeriya biza a filin jirgi a 2022. Kenya ta yi shela a farkon 2024 cewa ta soke biza, ashe sunan ta sake, ta kawo nata izinin na na'ura na wajen dala 30, har waɗanda a da suke shiga kyauta suka koma biya, sai a 2025 ta gyara ta yafe wa yawancin 'yan Afirka. Tarayyar Afirka ta zartar da yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga a 2018, ana bukatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita, amma har 2024 huɗu kaɗai suka yi: Ruwanda da Nijar da Mali da Sawo Tome. Uwa ma-ba-da-mama, Nijeriya, ba ta cikinsu. Ƙananan ƙasashe irin su Binin da Gambiya da Ruwanda sun buɗe wa kowane ɗan Afirka ƙofa, Gana ta bi su a farkon 2025, sama kuwa ba ta faɗo musu ba.

Tarihinmu ma ba fari tas yake ba. An kafa ECOWAS a Ikko a 1975, aka sa hannu a Dakar a 1979 cewa ɗan yankin yana iya shiga kowace ƙasa ta yankin ya yi kwana 90 ba biza. Wannan ita ce alfarma mafi girma da talakan Afirka ta Yamma ya taɓa samu a sha'anin tafiya. Duk da haka a watan Janairu na 1983 muka kori baƙi wajen miliyan biyu, yawancinsu 'yan Gana, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969, har da Hausawan zango da aka haifa a can. Muka rufe iyakokin ƙasa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, muka sake rufe ta Nijar a 2023, har Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairu na 2025. Bakatsine da Bamaraɗe uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma muna wasa da ita kaɗai ƙofar da ta rage musu a buɗe. A ƙarshen 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a Masar cewa ɗan Afirka zai riƙa samun biza a filin jirginmu, a watan Mayu na 2025 kuma aka soke bizar filin jirgi aka koma ta intanet. Idan sabon tsarin yana aiki cikin sauri ba cin hanci, madalla. Amma mai neman a yi masa sauƙi a Landan ya kamata a ga sauƙinsa a Abuja.

Me ya sa shugabanninmu ba su ɗauki wannan magana da zafi ba? Amsar tana cikin launin fasfo. Na talaka kore ne, na jami'in gwamnati shuɗi, na manya ja. Mai jan fasfo ba ya bin layi a rana, ba ya kai bayanin bankinsa ga ɗan kwangila, wasiƙa ake rubutawa daga ma'aikata a kai masa fasfonsa har ofis. Yarjejeniyoyin yafe biza da ake sa wa hannu in an kai ziyarar aiki, a duba da kyau, galibinsu na masu ja da shuɗi ne. Wanda bai taɓa shan ranar layi ba ba zai yi faɗa don a kafa rumfa ba. 'Yan majalisar da muka zaɓa daga Neja ta Gabas da ta Kudu da ta Arewa, muna so mu ji ranar da ɗayansu zai miƙe a zauren majalisa ya nemi Ma'aikatar Harkokin Waje ta kawo lissafin abin da 'yan Nijeriya suka yi asara a kuɗin bizar da aka hana su a shekara guda, ƙasa bayan ƙasa, a karanta shi a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwaranci.

Waɗansu masu zafin kai suna cewa a rama kurum, duk wanda ya tsawwala mana mu tsawwala masa. Ramuwa tana da wurinta, amma kada mu ruɗi kanmu. Masu son zuwa can daga nan sun ninka masu son zuwa nan daga can, kuma laifin wannan namu ne. Allah ya ba jihar nan magangarar ruwa ta Gurara, da Dutsen Zuma, da gandun dajin Kainji, da kufan Zungeru inda aka yi mulkin Arewa, da tashar Baro, da masu aikin tagulla da ƙwalba na Bida. Wane baƙo ne zai zo, alhali a Kagara, mahaifar Abubakar Imam, an shiga makaranta an kwashe ɗalibai a watan Fabrairu na 2021, hanyar Minna zuwa Suleja kuwa ta shekara da shekaru ana gyaranta? An sake wa filin jirgin Minna suna a 2024, an kira shi na ƙasa da ƙasa, amma suna ba ya sauko da jirgi. Ranar da Bature zai yi marmarin ganin Gurara kamar yadda yake marmarin dabbobin Kenya, ran nan jakadanmu zai zauna a teburin ciniki da abin sayarwa a hannu.

Kafin wannan rana, akwai abin da ba ya bukatar jira. Gwamnatin Tarayya tana sayen jiragen yaƙi da na fasinja, tana ba da rijiyoyin mai da kwangilar jiragen ƙasa, tana kuma sa hannu a yarjejeniyar karɓar 'yan ƙasarta da aka koro. Duk ƙasar da ta zo neman ɗaya daga cikin waɗannan, a ajiye mata sharaɗi a rubuce: wanda aka hana biza a mayar masa da kuɗinsa, a cire ladan dubawa daidai da abin da ake karɓa a hannun mai izinin na'ura, a kuma gaya masa dalilin hanin filla-filla, da wurin da zai kai kuka. In fam 16 ya isa a bincika Bajamushe a tabbatar ba ɗan ta'adda ba ne, a gaya mana abin da ke cikin takardun malamin Maitumbi da ya ci fam 127. Nijeriya ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan jama'a, in ta kai wannan bukata gaban Tarayyar Afirka ba za ta rasa masu mara mata baya ba, daga Dakar har Aljiyas, domin su ma jangalin nan suke biya. Majalisar Dokokin Jihar Neja ba ta da iko a kan harkokin waje, amma tana da ikon zartar da ƙuduri ta aika wa Majalisar Tarayya, kuma daga Minna zuwa Abuja bai fi tafiyar sa'a uku ba, ko da ramukan hanyar Suleja.